Yashin Esiakrom

Esiakrom, watan Afrilu

Zuwa ga yayana Kwamena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Jamus, yaya aiki? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarmu Maame tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma bakin murhun bandar kifinta. 'Yarka Ekuwa ta yi tsawo, ta kusa kamo ni.

Na zaɓi in rubuto ne domin duk sanda muka yi waya da ihu muke ƙarewa. Ginin masaukin baƙinka ya kai linta, kuma na yi maka murna. Amma tifofin Bentum, ɗan kwangilarka, a bakin tekunmu suke ɗibar yashi, dab da inda nake koyar da hawan igiyar ruwa. Ka san abin da ke kawo mana baƙi daga Takoradi da Akara da ƙasashen Turawa. Yashin nan shimfiɗe yake har can cikin ruwa, shi ya sa igiya take karyewa daga nesa a hankali, ta yi kumfa, ta turo allon da ake hawa har gaɓa. Wanda bai taɓa hawa ba, kafin la'asar ya miƙe tsaye. In ma ya faɗi, ruwa iya ƙugu ne, babu dutse.

Da na yi wa Bentum magana dariya ya yi, wai teku ba ta ma san an taɓa ta ba, in je in ci gaba da wasan ruwana da Turawa. Don Allah ka ce masa ya sayo yashi daga tudu.

Ƙanwarka,
Araba

Esiakrom, watan Yuli

Yaya Kwamena,

Ina gaisuwa, da fatan tarin da ka ce yana damunka ya tafi. Takalman da ka aiko wa Ekuwa sun iso, ta ƙi cire su ko a ɗaka.

Amsarka ma ta iso, ta bakin Bentum, a gaban leburori: wai baƙin ciki nake yi don masaukinka zai rufe rumfata ta koyar da hawan ruwa. Ni da na riƙe maka 'ya tun ranar da muka binne uwarta.

Bari dai in gaya maka halin da ruwa yake ciki. Da damina ta kama, teku ta janyo yashin cikinta ta cike ramukan da tifofi suka bari, sai gaɓa ta zama gangare. Yanzu igiya ba ta karyewa daga nesa. Tana zuwa shiru har bakin ƙafar mutum, ta miƙe kamar katanga, ta faɗi gaba ɗaya a kan ruwan da bai kai gwiwa ba. Tsakiya kuma wata hanyar ruwa ta buɗe mai jan mutum zuwa zurfi. Masunta ma da ƙyar suke fitar da kwalekwale. Ranar Talata da ba sa shiga teku, sai da suka zauna a kan maganar, amma kowa ya san wanda ya gyara rufin coci bana, don haka aka watse ba a ambaci sunanka ba.

Na kafa jan ƙyallen gargaɗi, na ɗaure allunana, na sallami 'yan matan da nake koya wa. Baƙi sun koma garin gaba. Na hana Ekuwa shiga, tana ta fushi da ni. In ka kira ta, ka ƙara ja mata kunne, maganarka take ji.

Taka,
Araba

Asibiti, Takoradi, watan Satumba

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Maame tana nan kusa da ni, ta ce kada in sa gaisuwarta.

Bentum ya gaya maka Ekuwa ta ɗan ji ciwo. Ga yadda aka yi. Ranar Asabar na tafi kasuwa da kifin Maame. Kafin in dawo ya zo da mai ɗaukar hoton bidiyo, ya cire jan ƙyallena, ya ce kai ka ce a ɗauki 'yarka a kan allo don tallar masauki, duniya ta ga ruwan Esiakrom ko yarinya tana hawa. Ekuwa ta ce Anti ta hana. Sai ya miƙa mata waya. Matan da ke wurin sun ji muryarka.

"Haba Ekuwa, sau ɗaya kawai, don Paapa. Rabu da Antinki, tsoro ya yi mata yawa."

Ta kwance allona mai shuɗi ta shiga. Yarinyar ta iya, ni na koya mata. Ta miƙe tsaye sarai, har tana ɗaga hannu. Sai igiyar ta naɗe ta, ta buga ta da ƙasa. Masunta ne suka fito da ita a kan ƙyauren rumfata.

Ƙashin ƙugunta ya karye, bayanta ma ya taɓu. An yi aiki. Likita ya ce za ta taka, amma kada mu sa rai da gudu, balle allo. Yatsun ƙafar hagu har yanzu ba ta jin su.

Ka ce a waya me ya sa na bar ta ita kaɗai. Ba zan amsa wannan ba.

Da ta farfaɗo, na zaci ruwa za ta nema, ko Maame. Sai ta kama hannuna ta ce, "Anti, hoton ya yi kyau? Kin tura wa Paapa?"

Na karɓo shi daga wurin mai ɗaukar hoton. Bentum ya so a yanke ƙarshen, a bar inda take ɗaga hannu, wai a haka ma talla ta yi. Ban yarda ba. Na tura maka shi yadda yake, tunda na yi mata alkawari. Ka kalla har ƙarshe, kuma ka ƙara sauti. Ba ni take kira ba.

Araba