Kwaɗo a Turbar Placide

Inverness, Cape Breton
21 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Lauchie,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da shanunka, tunda su ne danginka na kusa. Na buga maka waya sau shida ba ka ɗaga ba, shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin Kaka.

Jiya da safe na hau kekena na bi turba daga bakin teku, na haura tsaunin nan da ke sa gwiwoyina kuka. Ina isa bakin gonarka sai ga sarƙa da kwaɗo sabo fil a ƙyauren ƙasa, na gindin gonar, babu ko 'yar takardar bayani. Yaya, wannan wane irin wulaƙanci ne? Shekara goma sha tara ke nan da ka ba mijina Placide hannu a ƙofar coci, ka ce masu keke su riƙa ratsa gonar. Da diga da shebur muka fasa turbar nan ni da shi, bazara huɗu, sauro yana shan jininmu. Don ƙasa ta rufe idonsa ba shi ne alkawarin ya tashi ba.

Ka kuma san ranar Asabar ta ƙarshen Agusta ce hawan keke na tunawa da shi. Mutum sittin za su zo, wasu tun daga Halifax. In gonarka ta rufu turbar ta rabu gida biyu, don hagu teku ce, dama kuma dutse, babu ta inda za a kewaya.

Kada ka ce mini mutanena sun yi maka ɓarna, ni nake bin bayansu kamar kaza da 'ya'yanta. Ko ranar Talatar da ta wuce na tarar wani sakarai ya bar ƙyauren sama, na can saman gonar, a wangale, na sauka na ja shi na ɗaure maka tamau, yadda Baba ya koya mana. Ban nemi godiya ba, amma ban zaci tukuicina kwaɗo ba ne.

Ka cire shi. Shekarata sittin da shida, kuma har gobe ina iya ɗaga keke in tsallake shinge.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Effie Aucoin

Gonar MacEachern, Mabou
26 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Effie,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ranar Alhamis. Na karanta ta sau biyu, sannan na zauna a bakin rumbu na daɗe. Batun waya kuwa, kin san kunnena. In ta yi ƙara kare ne yake ji, shi kuma bai iya ɗagawa ba.

Ban sa kwaɗo don in wulaƙanta kowa ba. Jar karsanata, wadda ta fi kowace kyau a garken, ta mutu makon jiya, kuma ta dalilin mai keke ne. Sauran sun sha wuya amma sun tashi. Ina can fadama ina yankan ciyawa kwana biyu ban hau na duba su ba. Wannan kason laifina ne, na kuma ɗauka.

Lokacin da na sa kwaɗon ina cikin fushi, na yi niyyar in kama mai laifin in nuna shi ga duniya. Yanzu na fasa. Kada ki tambaye ni yadda aka yi, kada kuma ki tambayi wane ne. Ki ce wa mutanenki tsohon ya rikice, ya gaji da ganin ƙattin birni cikin matsattsun wanduna suna keta masa gona. Za su yarda, dama abin da suke faɗa ke nan.

Placide mutumin kirki ne, duk da ya sauko da ke daga kan tarakta ya ɗora ki a kan abin wasan yara. Ku yi masa addu'a a coci, ya fi.

Kwaɗo yana nan. Ki bar kaza cikin gashinta.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki,
Lauchlin MacEachern

Inverness
30 ga Yuli

Yaya Lauchie,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jajen karsanar. Na san yadda kake ji da dabbobinka, har ga Allah raina ya ɓaci.

Amma kazar nan sai na fige ta. Ba za a rufe wa mutum sittin hanya saboda wawa ɗaya ba. Ba kuma zan je in ce musu yayana ya rikice ba, don ƙarya ce. Taurin kai ne da kai, shi ma ba yau ya fara ba.

A bakin turba mun kafa allo da manyan haruffa: kada a kori dabba, a kuma bar kowane ƙyaure yadda aka same shi. Duk wanda ya taka dokar nan, ni da hannuna zan jawo shi ta kunne ya tsaya a gabanka kai ba hular kwano, ya faɗi abin da ya yi, sannan mu kore shi daga ƙungiyar masu keken da nake shugabanta. Ko ɗan wane ne, ko nawa ya sayi kekensa.

Gobe zan je wurin Dolena likitar dabbobi, tunda ita ta duba gawar. Ka san Dolena, magana ba ta kwana a cikinta.

Sai na ji daga gare ka, ko kuma ka ji daga gare ni.
Effie

Inverness
2 ga Agusta

Yayana,

Ina gaishe ka, ko da yake yau gaisuwar da nauyi take fita.

Na je wurin Dolena. Ta zuba mini shayi, ta yanko burodi ta shafa maɗi, ta ce, "Ke Effie, ai ƙishirwa ce ta kashe ta. Idon ruwan da ke can saman gonar ya ƙafe tun bara, shi ya sa Lauchie yake barin ƙyauren sama a buɗe su gangara rafi su sha. Sai wani mai shisshigi ya zo ya ɗaure shi, har da ƙulli biyu. Ni dai na ce masa ɗan birni bai iya wannan ƙullin ba, ya nemi ɓarawonsa a cikin gida."

Na ce, "Wace rana ce?"

Ta ce, "Talata. Ke, lafiya? Ko maɗin ne ya yi yawa?"

Na ajiye burodin na fito.

Ni ce, Yaya. Ni na kashe maka karsana. Na ɗaure ƙyauren ina zagin 'yan birni a raina, alhali duk wanda ya wuce kafin ni ya karanta allon da na rubuta da hannuna ya bi. Ka tuna ranar da Baba ya kora ni sama cikin dusar ƙanƙara, ina 'yar shekara takwas, don na manta ƙyauren nan a buɗe? Tun daga ranar hannuna ba ya shawara da ni in ya gan shi. Ba hanzari nake kawowa ba. Na yi kuka a mota har na kasa tuƙi, kuma kunyarka nake ji.

Amma kai ma tsaya ka ji naka. Tun takardata ta farko ka gane ni ce, ka yi gum. Ka gwammace a kira ka tsohon da ya rikice, a binne turbar Placide, da ka faɗa wa ƙanwarka gaskiya. Ni ƙwai ce da za a riƙa lallaɓawa? Na binne miji da ƙafafuna a tsaye, zan iya ɗaukar laifin da na yi. Sannan idon ruwan da muka sha muka girma ya ƙafe shekara guda ban sani ba, saboda ni da kai mun mayar da zumunci ɗaga hannu a ƙofar coci. Wannan kam mu raba shi biyu.

Hukuncin da na yanke wa wawan zan cika shi a kaina. Jiya na tara 'yan ƙungiya na faɗa musu komai, na ajiye shugabanci, kuma ba zan hau ranar Asabar ɗin ba. Amma su za su hau, don ba su yi maka komai ba. Ƙarfe takwas na safe za ka same ni a ƙyauren ƙasa, kai ba hular kwano. In kwaɗon yana nan, keke sittin zan ɗaga ɗaya bayan ɗaya in tsallakar da su shingen, kai kuma ka tsaya ka kalli ƙanwarka tana yi.

Ka yafe mini karsanar. Turbar kuwa ban roƙe ka ba, alkawari ne.

Ƙanwarka,
Effie

Mabou
7 ga Agusta

Effie,

Gaisuwa. Na cire kwaɗon. Bayanki ba zai ɗauki keke sittin ba, ni kuma ba ni da lokacin kai ki asibiti ana tsakiyar yankan ciyawa.

Korar da kika yi wa kanki ban karɓa ba. Karsanata ce, ni ke da hukunci. Ki sa hularki ki shige musu gaba. In kun gama ki biyo ta gida ki sha shayi, mu hau ki ga inda ruwan ya ƙafe.

Ƙyauren sama a buɗe yake, na gida ma haka. Ki bar su yadda kika same su.

Yayanki,
Lauchie