A Fitar da Tifofin Yashi Daga Filin Yaranmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Makarantar Firamaren Unguwarmu, Jimeta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Malama Yagana, mai koyar da motsa jiki da zane a makarantar da kake shugabantar kwamitinta. A gida Bappa nake ce maka, domin tun zuwan marigayi mahaifina daga Borno rumfarku ɗaya a kasuwa, kuma kai ka tsaya a matsayin waliyyina ranar ɗaurin aurena. Ban taɓa zaton zan yi maka magana a bainar jama'a ba. Amma sau uku ina zuwa gidanka ana ce mini ba ka nan, sau biyu ina rubutowa ta hannun hedimasta ban ji komai ba. Amsar da na samu ita ce takardar tuhuma mai ɗauke da sa hannunka, wadda ta ce na yi rashin ladabi, na ta da fitina, in ba da haƙuri a rubuce cikin mako guda ko in bar aiki. A ofishin malamai aka karanta ta da ƙarfi, kowa yana ji. Tunda a fili aka tuhume ni, a fili zan amsa.

Na ɗaya. Takardar ta kira aikina "wasan yara". Bari in tuna maka abin da wannan wasan ya yi. Shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka gudo Yola, ajujuwanmu sun cika har bakin ƙofa. Yara suka zo mana ba takalmi, wasu ba iyaye, da yawansu ba sa jin Hausa sai yarensu. Idan tayar mota ta fashe a titi, sai ka ga rabin aji a ƙarƙashin benci. Malaman lissafi da Turanci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma yaron da ke kallon ƙofa ba ya kallon allo. Ni aka turo wa su, aka ce in fita da su fili su rage hayaniya.

A filin nan muka fara da langa da tsallen igiya da tseren buhu, abubuwan da ba sa bukatar yare. Ɗan Margi da ɗan Fulani da ɗan Bachama suka shiga ƙungiya ɗaya, suna yi wa juna ihu, kowa da bakinsa, kuma suna fahimtar juna. A can na fara jin dariyarsu. Ba mu da takardar zane, sai na riƙa bin masu gini ina roƙon buhunan siminti, mu yage bayansu, mu zana da gawayi. Yumɓu kuwa daga bakin Binuwai nake ɗebo shi a bokiti.

Akwai wata yarinya 'yar Michika mai suna Kwanye, tana aji uku a lokacin. Ta yi wajen wata biyu ba ta ce wa kowa uffan ba. Duk ranar zane akuya take zanawa, baƙa mai farin goshi, ɗaure a jikin turke. Wata rana na zauna kusa da ita na tambaye ta ta wa ce. Sai ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta: "Tawa. Ni na ɗaure. Mun gudu, ban kwance ba." Wannan ne abin da yarinyar nan ke ɗauke da shi ita kaɗai, ko uwarta ba ta sani ba. Muka yi kuka tare, daga ranar bakinta ya buɗe. Ta gama makarantarmu, ta wuce sakandare, yanzu tana koyon aikin jinya. Kai da kanka, Bappa, ka kawo baƙi a wancan lokacin, ka tsaya a gaban zanen yaran nan aka ɗauke ka hoto, ka ce da su wannan makaranta tana warkar da yara. Ban manta ba.

Na biyu. A farkon zangon da ya wuce na tarar da sabon jadawali manne a ofis. An cire motsa jiki da zane daga aji huɗu zuwa shida, an maye gurbinsu da ƙarin darasin shiryawa jarrabawar shiga sakandare. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya tambayi iyaye. Da na yi wa hedimasta magana, ya ce umarnin kwamiti ne, wai gudu da zane ba sa fitowa a jarrabawa. Ni ma ina son yaranmu su ci jarrabawa, nawa biyu suna cikinsu. Amma ka shigo aji biyar da tsakar rana, a zafin Yola, rufin kwano, ka ga yaran da aka zaunar tun safe ba su miƙe ƙafa ba. Wasu na gyangyaɗi, wasu na mintsinin juna, malami yana ta zabga bulala. Wannan ba ƙarin karatu ba ne, ƙarin zama ne kawai. Duk da haka na haƙura, na ci gaba da ƙananan ajujuwa, ina cewa wata rana za a gyara.

Na uku. Bayan makonni kaɗan sai ga tifofin yashi sun fara shigowa filin. Da farko biyu ne, aka ce na kwana kaɗan ne kafin su sami wurin ajiya. Yanzu sun mamaye shi daga bakin ƙofa har gindin darbejiya. Sun karya sandunan gola. Tayoyinsu sun haƙa ramuka, ruwan damina ya kwanta a ciki, sauro ya samu gida. Inda na saba ja wa yara layin tsere da farar ƙasa, baƙin mai ne ya malale. Direbobi na wanka da fitsari a bayan ajin 'yan mata. Ɗan ɗakin da muke ajiye kayan zane an fasa kwaɗonsa, an zuba tayoyi da jarkoki. Tukwane da shanun yumɓu da yara suka ƙera da hannunsu, a bayan masai na tsince su a farfashe. Na tattara abin da ya ragu a zanina na kai gida, suna nan idan kana son gani. Ban zo tambayar yarjejeniyar da ke tsakanin kwamiti da masu motocin ba, wannan iyaye ne za su tambaya. Ni abin da na sani shi ne, filin nan kakannin unguwa suka bayar don yara, kuma Jauro, mai unguwarmu, yana raye, a tambaye shi.

Na huɗu. Yaro ba ya daina wasa don an ƙwace masa fili, sai dai ya yi wasan a inda bai kamata ba. Da an fita hutun tara, sai yara su bazu tsakanin motocin, suna ɓuya a ƙarƙashinsu, suna hawa bayansu suna dirowa. Na faɗa, na maimaita, na rubuta. Ranar wata Litinin, Fadimatu 'yar aji uku, ɗiyar Adda Mairo mai ɗinki, ta hau bayan wata tifa tana bin ƙawarta, ƙafarta ta zame a kan mai, ta faɗo a kan hannunta. Ina daga nesa na ji ƙarar. Da na ɗaga ta, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ni na tare keke mai ƙafa uku na kai ta asibiti, tana maƙale da hijabina, ba ta ma iya kuka ba. Uwarta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta iso ba mayafin kirki, ta dube ni ta ce: "Malama, ba a hannunki na bar ta ba?" Gaskiya ta faɗa. Har yau daga kwamiti ba wanda ya taka ya duba yarinyar nan. Hannun dama ne, da shi take rubutu, kuma likita ya ce sai an ga yadda ƙashin ya haɗe kafin a san ko zai miƙe daidai.

Na biyar, shi ne laifin da ake tuhumata da shi, kuma ban musa ba. Washegari da safe, bayan tifofin sun fita ɗibar yashi, na ɗauko benci daga ajina na ajiye a bakin ƙofar filin, na zauna. Ni kaɗai. Takardarka ta ce na jera yara a gaban motoci, wannan ƙarya ce, kuma duk wanda ya gaya maka ya ji tsoron Allah. Yara suna aji, malamansu shaida ne. Da motocin suka dawo, suka yi ta danna hon, wani matashin direba ya sauko yana zagina, yana cewa an ba su izini daga sama. Na ce masa ban hana shi bin ta kaina ba, amma ba zan tashi ba. Matan unguwa suka fara taruwa. Can sai wani dattijo a cikin direbobin ya sauko, ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa labarin Fadimatu. Sai ya ce wa sauran: "Ni ma jikata tana aji biyu a nan. Ku juya." Suka juya. Kwana biyu filin yana fili. A rana ta uku hedimasta ya sa aka ɗauke bencin, motocin suka dawo, ni kuma aka miƙo mini takarda. Direban yashi ya ji tausayin yaran nan a cikin minti kaɗan, Bappa. Kwamitin da aka naɗa don kula da su ya kasa a zango guda.

Na kuma ji abin da ake yaɗawa a majalisu, cewa ina sa 'yan mata tsalle a gaban maza, ina koya wa yara zana gumaka. Wanda ya rasa hujja shi ke fakewa da addini. 'Yan matana da wando da hijabi suke gudu, a ɓangarensu daban, kuma iyayensu mata sun sha zuwa kallo. Modibbon da ke koyar da addini a makarantar ya sha shiga ajina, ya ga itatuwa da kwale-kwale da zanen hula da adon ƙwarya, bai taɓa cewa in daina ba, har allon zayyana ya kawo ya nuna wa yara. Ni ma a gidan malamai na tashi. Idan kishin tarbiyyar 'yan mata ne ya dami masu maganar nan, su fara da mazan da ke tuɓe riga a bayan tagar ajinsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba zan rubuta takardar ban haƙuri ba. Idan na ɗaga maka murya a matsayinka na uba, wannan zan zo har gida in durƙusa. Amma zaman da na yi a kan bencin nan ban yi nadamarsa ba, nadamata ɗaya ita ce ban yi shi tun kafin hannun yarinya ya karye ba.

Ga abin da nake roƙo. A fitar da motocin nan daga filin makaranta, a cike ramukan, a kankare man. A mayar da motsa jiki da zane cikin jadawalin kowane aji, ko da sau biyu ne a mako. A kwashe tayoyi daga ɗakinmu a ba ni makulli. Kwamiti ya je gidan Adda Mairo ya duba Fadimatu, ya tsaya mata har ta warke, kai kuma ka kasance a gaba. A kira taron iyaye da Jauro, a karanta takardarka, a karanta tawa, jama'a su yi hukunci. Idan suka ce ni ce mai laifi, zan miƙa rajistar ajina in tafi ba tare da an kore ni ba.

Kafin nan, ina sanar da kai don kada a ce na yi a ɓoye. Ranar Litinin, da an fita hutun tara, zan hura usur. Idan filin yana fili, a nan za mu yi. Idan motoci na ciki, zan jera yaran da iyayensu suka yarda, bibbiyu, mu taka a hankali har ƙofar gidanka, inda akwai inuwa da yashi mai tsabta, mu yi darasinmu a can. Iyaye da dama sun riga sun ce za su raka mu. Idan kana son korata, sai ka fito ka faɗa da bakinka, yaran suna kallonka.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya nuna maka gaskiya Ya ba ka ikon binta, Ya sa ka sauke wannan amana lafiya. Allah Ya ba Fadimatu sauƙi, Ya tsare mana yaranmu, Ya dawwamar da zaman lafiya a Adamawa da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam.

'Yarka,
Malama Yagana,
mai koyar da motsa jiki da zane,
Jimeta.