Yayana ya musanta ɗiyarsa a gaban kwamitin jami'a

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari. Ki taimaka ki saka min wannan amma ki ɓoye sunana, don akwai 'yan gidanmu a nan, ko da yake in sun karanta sun gane ma su ta shafa. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san yadda harkar shiga jami'a take, don ni dai raina a ɓace yake kuma lokaci ya ƙure min.

Ni malamar firamare ce a Kalgo, aure ne ya kawo ni, amma asalinmu ƙasar Gwandu ne can wajen Dodoru, Fulani ne mu da suka zauna suna noma da kiwo. Akwai ɗiyar yayana da nake riƙo tun da aka yaye ta, bari in kira ta Hindatu. Ita ce ta fari a wurinsa, kuma a gidanmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa yabonsa, in ma an ce nasu ne sai su ce a'a na wane ne. Kunyar ɗan fari ke nan, mun tashi mun tarar ana yi, kuma ban taɓa damuwa da ita ba sai yanzu. Ni na sa yarinyar nan makaranta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni nake zuwa karɓo sakamakonta, kuma ba don tawa ce ba, Allah ya ba ta kai. Tun tana ƙaramar sakandare malamanta ke cewa in kula da ita, wannan ba irin wadda ake bari ta tsaya a hanya ba ce.

Bana ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau. To wata jami'ar gwamnati tana da wani tsari na musamman da suke kira ajin zaƙaƙurai, suna tsamo yara masu ƙwaƙwalwa su ware su, a ba su ɗaki a hostal, a ba su malaman da za su riƙa bibiyarsu, karatun kuma kyauta har su gama. Gurbin kaɗan ne kuma an raba shi ne bisa ƙananan hukumomi, kowa ya nema ta garin ubansa. Don haka Hindatu ta nema ta Gwandu duk da a Kalgo ta yi karatunta kaf. Ta yi rubutacciyar jarrabawarsu ta haye, aka kira ta intabiyu, aka ce tunda shekarunta ba su kai sha takwas ba ta zo da mahaifinta. Maigidana ya ce bari ya raka ta a matsayin uba tunda shi ya ciyar da ita, ni da iyayina na ce a'a, a yi abu bisa gaskiya, uba suka ce. Ni da ƙafata na je Dodoru na ɗauko Hamma, haka muke kiran yayan nawa.

Bari in gaya muku waye Hamma don ku gane takaicina. Mutum ne da in ya fara zancen farin bijiminsa tun hantsi sai an kira azahar. Ya san sunan kowace saniya a garkensa, ya san uwarta, ya san kakarta, zai tsaya tsakiyar kasuwa yana yabon karsana da ƙarfi ba kunya ba tsoron baki. In ana musun siyasa a majalisa muryarsa ake ji daga bakin titi. Wannan shi ne wai mai kunya. Ranar intabiyun ya sha babbar riga da rawani sai ka ce shi za a ɗauka karatun, a mota yana ta ba direba labarin yadda ya taɓa gyara wa wani likitan dabbobi kuskure. Na ja shi gefe kafin mu shiga na ce Hamma, abin da suka tambaye ka ka amsa musu kai tsaye, nan ba ruga ba ce. Ya ce min in daina koya masa magana, shi ya zauna da manyan da ban taɓa gani ba.

Aka bar ni na zauna can baya. Wallahi yarinyar nan ta fitar da ni kunya, duk abin da suka jefo mata sai ta cafe, Turanci ne, lissafi ne, har wata malama a cikinsu tana gyaɗa kai tana murmushi. Sai shugabansu, wani dattijo mai furfura, ya juya ya ce, "Malam, wannan ɗiyarka ce?" Jama'a, Hamma ya kalli silin, ya ja gefen rawani ya rufe baki, ya nuno ni da haɓa ya ce, "A'a, ɗiyar wagga ce." Aka ce to mene ne sunanta, ya ce ai ga ta nan zaune, a tambaye ta mana. Aka ce yaya ƙoƙarinta a gida, ya ce shi dai bai san ta da wani ƙoƙari ba. Yana faɗa yana wani sunne kai yana murmushi, shi a dole ya burge. Na miƙe zan yi bayani, wani matashin lakcara wanda da gani ba ɗan yankin nan ba ne ya ce Hajiya ki zauna ba ke aka tambaya ba, ya duƙa yana rubutu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon nan ina jin ya gane abin da ke faruwa, don har ya ɗan yi dariya. Amma ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma sun sha kama mutane suna aro uba daga wata ƙaramar hukuma don su cinye gurbin da ba nasu ba. Ga yarinya ta yi karatu a Kalgo, ga mai riƙonta a Kalgo, ga wanda aka ce ubanta ne ya ce ba tasa ba ce a gaban kowa, to me ake so su rubuta? Suka ce sun jingine maganarta zuwa zamansu na ƙarshe ranar Talata mai zuwa, mahaifin ya dawo ya faɗa da bakinsa cewa ɗiyarsa ce, ya kama sunanta, ya sa hannu a gabansu. In bai zo ba, akwai yaro ɗan Gwandu da ke biye da ita a maki, shi za a ba.

Muna fitowa na wanke shi tas, ban duba girmansa ba, na ce ya zubar wa yarinya da wahalar shekaru saboda wata kunyar banza da ba ta cikin Alƙur'ani ba ta cikin hadisi. Ya ce ni boko ya lalata, zaman gari ya sa na manta gidan da na fito, kuma shi ya je sau ɗaya ba zai koma ba, ko gaban alƙali aka kai shi ba zai buɗe baki ya ce ya haifi wannan ba. Wai in rabonta ne za ta samu. Mtsw. Rabon da aka ajiye maka a kan tebur ka sa ƙafa ka ture, shi ne za ka dawo kana jingina wa Allah? Na tuna masa lokacin da ake rabon takin zamani bisa yawan iyali, ai bai ji kunyar lissafawa da ita ba. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ranar bai kama suna ba, yatsu ya ɗaga. Kun ji fa mai hankali.

Abin da ya ƙara tunzura ni, labari ya riga mu isa gida, kuma maimakon a yi masa faɗa sai ya zama gwarzo. Innarmu har da guɗa, wai ɗanta ya nuna shi ɗan asali ne, ya shiga cikin 'yan boko bai zubar da mutuncin gida ba. Baffanninmu da ko sunansu ba su iya rubutawa suna ta jinjina masa a gindin bishiya, shi kuma yana ƙara gishiri, kullum kwamitin ƙara yawa yake a bakinsa, jiya na ji har ya kai ga cewa sun miƙe tsaye sun girmama shi. Ba wanda ya tambayi halin da yarinyar take ciki, ko mutum ɗaya. Uwarta ma da na kira ta a waya, ita ma kunyar ce, ta ce min ai ke kika san ɗiyarki, ta kashe.

Ba zama na yi ba. Na karɓo takardar shaida daga mai unguwarmu na kai, sakataren kwamitin ko buɗewa bai yi ba ya ce irin wannan kowa ma yana kawowa, baki suke so. Na kai ƙara wurin limamin garinmu can Dodoru, Allah ya saka masa, ya kira Hamma ya gaya masa kunya abu ne mai kyau amma musanta ɗa ba ƙaramin abu ba ne a addini. Hamma ya durƙusa ya ce na ji Malam, na gode Malam, ya fito ya wuce wurin shanunsa, har yau shiru. Maigidana ya ce mu je kamun ƙafa wurin wani ɗan siyasa da ya sani, ni kuma abin yana min ƙyama, yarinyar da ta ci da guminta a kai ta layin masu neman alfarma tare da 'ya'yan da ko rabin makinta ba su samu ba. Kuma mutumin nan na san shi, alkawari ne da shi kamar ruwa, ka bar gabansa ya manta fuskarka.

Abin da ya rage min ɗaya ne, shi nake ta juyawa. Ina so in haɗa wa Hindatu kayanta in kai ta Dodoru in dire masa a ƙofar gida da rana tsaka, in ce tunda ka ce tawa ce to na sallama, ga ta nan, sai ka gaya wa gari ɗiyar wa ce. Na san Hamma, surutun mutane kaɗai yake tsoro, ƙila wannan ya tashe shi. Amma in na yi haka Inna ba za ta yafe min ba, zumuncinmu ya tsinke ke nan, kuma in ya kafe ya ƙi zuwa na yi asarar gurbin na kuma wulaƙanta yarinyar da ba ta yi laifin komai ba.

Shekaranjiya muna tsince shinkafa na ɗan taɓa mata zancen. Ta ce Gwaggo don Allah ki bar shi, ko ajin gama-gari aka ba ni zan yi, in Baffa, haka take kiran uban nata, ya kama sunana a gaban mutane ni ma ban san inda zan sa kaina ba. Na ce ji wata sakarya, ke ma sun shafa miki ciwon nasu. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa, can ta ce, "Ni ba gurbin ne ya fi min ciwo ba. Na san a'a zai ce, tun muna mota na sani. Amma da suka tambaye shi sai na ji ina jira." Na tashi na shiga ɗaki.

To jama'a ku gaya min gaskiya. Waɗanda suka taɓa aiki a jami'a, in uban bai zo ba akwai wata hanya ta halak da za a saurare mu, ko shi ke nan an ba wancan yaron? 'Yan uwana Fulani, akwai wanda ya taɓa shawo kan irin wannan mutumin, da me kuka shawo shi? In kai ta in dire masa, ko in haɗiye in bar gurbin ya tafi don a ci gaba da kiransa ɗan asali? Masu zuwa su ce min in girmama al'ada su riƙe shawararsu, na ƙoshi da ita a gida. Talata za su zauna, kuma yarinyar da ta ce min in bar maganar na ga ta goge kayan da ta sa ranar intabiyu ta rataye a bayan ƙofa.