A Mai Da Ni Bakin Rijiyar Dogo-Dogo

Zuwa ga Mushe, Baturen gina rijiyoyi da ke Magariya. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen bironka, wato ofishinka.

Ni ne Lawali, wanda ka sallama daga aikin rijiyar Dogo-Dogo ranar Talata. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo na yi, saboda haka da ajami na rubuta. Tafintanka ya karanta maka a gaban jama'a.

Na ɗaya. Ban musa ba, ni na ɗinke ƙafafun wandon Idi yana barcin rana a gindin gawo. Ni kuma na ce masa ga motarka nan. Ya zabura ya faɗi a gabanka. Amma Idi taubashina ne, ɗan kawuna, kuma watan Cika-ciki muke, lokacin da taubasai ke tsokanar juna. Bara shi ya zuba mini toka a hula. Ba wanda ya kai ƙara.

Na biyu. Ka rubuta wata kalmar Faransanci a takardar sallamata. Bakina bai iya ta ba, amma tafinta ya ce ma'anarta inda halittar mutum ta karkata, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Wai tawa ta karkata wajen tsokana. Ban ƙi ba, tun ina goye ake faɗa. To amma, Mushe, gangare ɗaya ka gani. Wata biyar ina riƙe igiyar masu shiga rami, har muka kai zurfin gaba goma sha biyu. Ka tambayi kowa ko na taɓa yin ko murmushi alhali mutum na lilo a hannuna. Wannan ma halina ne, sai dai shi ba a rubuta ba.

Na uku. Tun da na tafi Idi ya ƙi shiga. Ya ce in ba ni ke riƙe da igiya ba, ƙafarsa ba ta taka ramin. Aiki ya tsaya, mata na ta zuwa ɗibar ruwa nesa, ga damina na matsowa.

Roƙona, a mai da ni bakin aikina. Kalmar kuwa a bar ta, amma a rubuta ɗaya gangaren a ƙarƙashinta. Allurar da na ɗinke wandon da ita kuwa na ba gwaggo ta adana har sai an ga ruwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai ka gida ka iske naka taubasan.

Wassalam.

Lawali mai riƙon igiya, Dogo-Dogo.