Agwagwar Roba a Wuyan Ɗiyata

Assalamu alaikum, Admin da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma ku yi mini sassauci, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ɗan koli ne ni, ina cin kasuwannin Korgom, Kona da Gidan Amumune a kan babur. Abin da ya fi fita a kayana shi ne 'yan agwagin roba masu laushi da ƙamshi. Ni na koya wa mata su zura musu zare su rataya wa jariri mai haƙori, ya riƙa tauna.

Bara ƙanena, wanda yake majo, wato babban ma'aikacin jinya, a asibitin wani ƙauye, ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Ya ce, "Yaya, irin wannan roba da wani sinadari ake tausasa ta, fitalat. Yana fita a bakin yaro, yana iya taɓa girmanai da haihuwatai nan gaba. Wasu ƙasashe sun hana shi a kayan yara." Na ce, "To nan wa ya hana?" Ya ce shi dai ya faɗa mini.

Ranar na kwashe na gidana na jefa a shadda, na ce wa matata sun ɓata. Washegari na ɗaura buhu na tafi kasuwa. Ɗaki guda na saro, ina zan kai su? Kullum sai in ce wa kaina wanda bai ji bari ba ai ba ni ba ne, tunda ba a ga yaron da ya faɗi ba. Amma duk uwar da ta ce mini "Allah ya biya", sai in kau da kai.

Jiya na dawo na tarar da ɗiyata tana tsotsar jar agwagwa, yawu har ƙirji. Innata ce ta saye ta a hannun wata dillaliya da ke sari a wurina. Na kai hannu zan tsinke zaren, Inna ta riƙe ni ta ce, "Kai da ka sayar ma ɗiyan mutane, taka ce ba ta cancanta ba?"

Na saki zaren. In na faɗi dalili, da wane ido zan kalli matan unguwarmu? In na yi shiru, agwagwar na nan a bakinta yanzu haka. Me zan yi?