Mundayen Mahaifiyata Sun Yi Baƙi, Mijina Ya Ce Farar Wuta Ce

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Bakina ya ja mini magana, kuma har yau na kasa gane ko ni aka cuta ko ni na cuci wata.

Maigidana yana aiki a masana'antar takin zamani, a sashen ɗanyen kaya. Shi ke karɓar farar wuta idan manyan motoci sun juye ta, wadda suke ƙonawa su yi ruwan asid da ita. Mutumin kirki ne, ba duka ba zagi, amma wallahi da zagina yake yi sau ɗaya a wata da ya fi mini sauƙi a kan laccarsa. Babu abin da zan taɓa a gidan nan bai gaya mini asalinsa ba. Bokitin wanka ɗanyen mai ne. Man da nake shafawa ɗanyen mai ne. Ranar da na ci ado da sabon mayafi ina jiran yabo, sai ya murza bakin mayafin da yatsu ya ce shi ma ɗanyen mai ne, wato ni matatar mai ce mai yawo da ƙafa. Gishiri ma bai tsira ba, wai da shi da wutar lantarki ake yin sodar sabulu. In na kunna gas zan dafa shayi, sai ya tsaya a ƙofar kicin yana tausaya wa gas ɗin, wai su da shi da iskar da muke shaƙa suke yin taki, ni kuwa ina ƙone shi a kan ruwan zafi. Yaranmu sun san kwal da farar ƙasa tun kafin su iya ɗaura igiyar takalmi.

Duk wannan na saba da shi. Abin da ya kawo ni daban ne.

Ina da mundaye biyu na azurfa da mahaifiyata ta bar mini, Allah Ya ji ƙanta. Ba na sa su sai da babban dalili, suna naɗe cikin ƙyalle a durowar ƙasa. Ƙanwar mijina, Auta, a wurinmu take zaune tana karatun jinya, kuma gaskiya ba ƙanwar miji na ɗauke ta ba, ƙawata ce. Tare muke yi da yayanta a bayan idonsa, ita ce ma ta fi ni iya kwaikwayon muryarsa. Kwanakin baya ta ari mundayen ta je bikin ƙawarta, ta dawo da su, na mayar ma'ajiyarsu. Da na sake buɗe ƙyallen bayan 'yan watanni sai na tarar sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Raina ya ɓaci, idona ya rufe. A gaban yara, a gaban maƙwabciyata da ta shigo aron dutsen guga, na ce wa Auta ta fito mini da na gaske ta karɓi jabunta. Ban furta kalmar ɓarauniya ba, amma na faɗi duk abin da ke kewaye da ita. Yarinyar nan ta juya ta shige ɗakinta. Ta haɗa littattafanta ta koma ɗakin wata ƙawarta a makaranta, ga jarrabawa ta matso. Na kira sau da yawa, ba ta ɗauka.

Da yayanta ya dawo na nuna masa, sai ya fashe da dariya. Dariya fa, Gwaggo! Ya zura hannu can ƙuryar durowar ya zaro wata tsohuwar safa, a ciki akwai dunƙulen farar wuta da ya tsinto a wurin aiki ya cusa don ta kori kyankyasai. Wai ita ce ta baƙanta su, wai ma baƙin alama ce ta azurfar kirki. Da ya ji abin da na faɗa wa ƙanwarsa dariyar ta ɗauke, tun ranar kuma bai sake yi mini lacca ba. Yana cin abinci shiru, ya fita shiru. Ban taɓa zaton zan yi kewar jin asalin bokiti ba.

To, mutumin da ko ciwon kai na yi sai ya ɗora wa wani sinadari, ta yaya zan san ba rufa wa ƙanwarsa asiri yake yi ba? In kuma gaskiya ya faɗa, da wane ido zan kalli Auta? Uwarsu ba ta ji ba tukuna, ni kuwa kullum in waya ta yi ƙara sai in zaci ita ce.

Taki,
Mai Mundaye

'Yata Mai Mundaye,

Mijinki na da surutu, amma a wannan karon bai yi ƙarya ba. Farar wuta tana baƙanta azurfa, ko ba su taɓa juna ba, muddin an rufe su wuri ɗaya. Baƙin a sama kawai yake, maƙerin azurfa zai goge miki shi kina tsaye. Na kuma lura a duk tsawon wasiƙarki ba ki ce kin ɗauki ƙyalle kin gwada gogewa ba. Ina jin tsoro kike yi su yi haske.

Shi ma malamin ɗanyen kaya yana da nasa kason. Kayan masana'anta a masana'anta suke zama. Farar wuta tana kama wuta, ba abin cusawa cikin tufafi ba ce a gidan da ke da yara, kuma wanda ke sanar da ke asalin gishiri ba a tambaye shi ba bai da hujjar yin shiru a kan abin da ya ɓoye a durowarki. Ya mayar musu da abarsu, ya sayo maganin kyankyasai kamar kowa. In ƙura ta lafa ki gaya masa a hankali cewa mace in ta ci ado yabo take jira, kuma laccar da ta yi yawa ce ta sa ranar da ya faɗi abu mai amfani aka kasa yarda da shi. Kada dai ki raina aikinsa, mutumin da ke son sana'arsa haka ba a ko'ina ake samunsa ba.

Naki kason ya fi nasa nauyi. Na san kayan uwa ne, kuma ganinsu a haka ya tayar miki da rashinta. Amma Auta ba baƙuwa ba ce, tambaya ta cancanta, ke kuwa hukunci kika yanke. Ki daina kiran waya, kada kuma ki aiki yayanta. Ki taka da ƙafarki har inda take, ki ce kin zalunce ta, ba tare da kin jingina laifin ga safa ko kyankyaso ba. Tunda a gaban yara da maƙwabciya kika ɓata ta, a gabansu za ki wanke ta. Uwar mijinki kuma ta ji daga bakinki kafin ta ji a wani wuri. Mai yiwuwa Auta ta yafe amma ta ƙi dawowa yanzu. Kada ki matsa mata, ki bar ta ta yi jarrabawarta da kwanciyar hankali.

Abu ɗaya nake roƙonki: ki je wurin Auta kafin ki je wurin maƙeri. In kika bari sai mundayen sun yi haske sannan kika ba ta haƙuri, za ta san maƙerin kika gaskata, ba ita ba.

Allah Ya ji ƙan mahaifiyarki, Ya ba Auta sa'ar jarrabawa, Ya sanyaya zuciyarta a kanki.

Gwaggo