Fuskar Rwang a Bango

Litinin, 7 ga Yuli
Oga Bala ya kira ni ofis. Shekara uku ina manna masa fosta, sai yau ya tambayi ra'ayina. Ya shimfiɗa guda biyu na sabon fim ɗinsa na barkwanci, wai ni nake yawo a titi, ni na san abin da ke tsayar da mai wucewa. Ta farko jarumai ne a jere suna washe baki, irin wadda ba a waiwaya. Ta biyu abokina ne Rwang, kafinta a kasuwar Katako da ya fito a fim ɗin, cikin babbar rigar da ta fi ƙarfinsa, ƙafa ɗaya a sama zai faɗa kwata. Na ce ta biyu. Ko tunani ban yi ba.

Laraba, 9 ga Yuli
Ruwa ya hana ni aiki sai bayan azahar. Rwang ya tsaya gaban hotonsa ya daɗe, ya ce, "Salim, yanzu haka hancina yake?" Wai in ajiye masa ɗaya mai tsabta ya kai wa mamarsa a garin Vom.

Alhamis, 10 ga Yuli
Tallan fim ɗin ya fito a waya. Minti ɗaya ne, na kalla sau biyar. Kiɗan ya yi, faɗuwar ma ta yi. Amma.
Ina wurin da aka ɗauka, na san labarin. A fim ɗin, rigar maƙwabcinsa ya ara zai je biki, bai san da carbi a aljihu ba. A tallan an yanke wajen aron. Abin da ya rage, Rwang da riga da hula, ya faɗa kwata, carbi ya yi tsalle cikin ruwan datti, sai aka sa sautin dariya a kai.
Na fita na sake duba fostar. Carbin na nan, ɗan ƙarami, kusa da ƙafarsa. Ni da nake cewa ina da ido.

Asabar, 12 ga Yuli
Wurin mai shayi da safe, mutum shida a kan waya ɗaya. Sun yi ta dariya har aka zo kan carbin. Wani ya ce a mayar baya. Aka mayar. Karo na biyu ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya tambaya ko wannan ba shi ne Kiristan nan na layin masu kujera ba. Kowa ya koma kan shayinsa. Ni ma shayina na sha.

Litinin, 14 ga Yuli
Na faɗa wa Oga a gyara tallan. Ya ce surutun mutane ai talla ne, in fim ya fito kowa zai gane. Saura sati biyu.
A Tina Junction, inda Kiristoci suka fi yawa, fostocin lafiya lau, har hoto ake yi da su. A wajenmu ba yaga su ake ba. Fuskar kawai ake yankewa da reza, a tsanake, a tafi da ita. Na ga haka a bango huɗu. Da yagawa suka yi da na fi samun natsuwa.

Talata, 15 ga Yuli
Na bi da bokitin ruwa na ɓare sauran, ban gaya wa Oga ba. Sitacin da nake damawa yana da kamu. Farce biyu sun karye.

Laraba, 16 ga Yuli
Rwang bai zo aiki ba. Mai shagon, Malam Abdulfatah, ya ce ya ɗan huta a gida tukuna, don jiya wasu sun zo tambayarsa kuma ba kujera suke nema ba. Rwang ya kira ni yana ƙoƙarin yin raha, muryar ba ta yarda ba.
"Kai ka san ni. Kana wurin. Ka faɗa musu mana."
Na ce zan faɗa.

Juma'a, 18 ga Yuli
Bayan masallaci maganar Rwang ce dai a majalisa. Na shirya yadda zan fara, daga aron rigar. Ina jira a ɗan lafa, sai wani ya juyo ya ce ba ni ne abokinsa ba?
Na ce muna dai gaisawa.
Ai ba ƙarya na yi ba, muna gaisawa. Kuma yau ba ranar bayani ba ce, mutane sun yi zafi. Wayata ta yi ruri sau biyu a aljihu, na san shi ne. Zan kira shi in na samu wurin da ba kowa.